Shagon furen yara: na gaske, na roba, ko na ƙyallen tela?

Uwa ko malamar jardan, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, da ta ga hoton wasan shagon fure a waya, ta ce ita ma sai ta shirya wa nata yaran, ba teburi ne zai ba ta wahala ba. Kwali ɗaya in an kifa shi ya isa teburi, faifai ko tire ya isa wurin baje kaya. Hajar ce za ta tsayar da ita: da wane fure za a cika shagon? A Maradi hanya huɗu ce a gabanta. Ko a tsinko na gaske, ko a sayo na roba a kasuwa, ko a haɗa na hannu da ƙyalle da takarda, ko a bar zancen tsinkakken fure a sayar da dashe irin na masu raino a bakin hanya. Kowace da ranarta, amma wadda ta fi kyau a hoto ita ce ta fi saurin ginsar yaro.

Yaro ba ya kwaikwayon abin da bai taɓa gani ba. Ɗan shekara huɗu a Faransa ya sha bin uwarsa shagon mai fure, ya ga an zaɓa, an naɗe a takarda, an ɗaure. Namu na unguwannin Maradi, Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Bagalam, bai san wannan shago ba. Mu in za mu dubiya, lemu da ayaba da madara muke riƙewa. Abin da yaronmu ya sani shi ne ciniki, kuma ya fi ɗan Faransan saninsa nesa ba kusa ba, tunda a garin ƴan kasuwa ya buɗe ido. Ya ji "albarka", ya ji "na sallama", ya ga Inna ta juya kamar za ta tafi, mai kaya ya ce "Hajiya, dawo, kawo kuɗin". Wannan ɓangaren ba sai an koya masa ba. Don haka ma'aunin da nake ɗora kowace haja a kai shi ne: wace ce ta fi ba hannunsa aiki, ta fi ba bakinsa abin faɗa, ba tare da ta kai mu asibiti ba?

Furen gaske yana da abin da sauran ba su da shi, dole a ba shi haƙƙinsa. Yana da ƙamshi, yana da laushi, yana canzawa a gaban yaro. Furen lalle in ya shiga ɗaki kowa sai ya sani. Na zogale fari ne, tuli-tuli a reshe. Na kuɓewa rawaya ne mai jan ciki, ya buɗe da safe ya langwaɓe kafin yamma. Ga na kabewa mai faɗi, ga na tafasa da ke cika fili da damina, ga jan zoɓo da yara ke so don yana rina yatsa. Yaron da aka ba waɗannan da ƙoƙon ruwa ya samu aikin yini: ya ware fari da rawaya, ya gwada dogo da gajere, ya zuba ruwa a hankali kada ya malale. Makarantun da ke bin tsarin Maria Montessori, likitar nan ta Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a Roma a 1907, har yau suna sa jera fure cikin ayyukan yau da kullum na ƴan shekara uku zuwa shida, saboda wannan zubawa da yankewa da goge ruwan da ya zube.

Sai dai kalandarmu ba ta tare da shi. Ruwan Maradi daga Yuni zuwa Satumba yake, wajen milimita 500 a shekara, kuma a cikin waɗannan watanni ne fure ke yalwata. A daidai lokacin kuma makarantu suna babban hutu. Ana komawa a Oktoba, ciyawa ta fara bushewa, sai hunturu, sai bazarar da zafi ke wuce digiri 40, furen da aka tsinko da hantsi ba ya kai azahar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: mai son furen gaske ta shirya neman sabo kullum safiya. Wanda ke da dangi masu lambu a Jiratawa, ko a gefen Gulbi, ko wajen Madarumfa, zai samu furen zogale ko da rani. Amma a tuna cewa a wurin mai lambu furen kuɓewa ɗaya kuɓewa ɗaya ce. In za a roƙa, a roƙi furen kabewa namiji, wanda ba shi da ɗan kumburi a gindinsa, shi ba ya zama ɗa.

Babbar matsalar ba yaushi ba ce, dafi ne, kuma a nan nake so a tsaya da kyau. Yawancin abin da ke yin fure mai ɗaukar ido a cikin gari da rani, abin da ko akuya ke kauce masa ne. Kariya, mai kaurin gindi da fure ruwan hoda, tana yin furenta lokacin da ba ta da ganye sosai, ga ta da kyau, amma ruwanta na cikin abin da maharba suka sani wajen dafin kibiya. Loriye-roz da ake shukawa a harabar ofisoshi da manyan gidaje, mai dogon ganye siriri, da ɗan'uwansa mai fure rawaya kamar ƙararrawa, dukkansu suna ɗauke da dafin da ke rikita bugun zuciya, daga ganye har fure har ƙwallo. Tumfafiya tana kowane kango, furenta fari da shunayya, yara suna son fasa ƴaƴanta, nononta kuwa in ya shiga ido yana iya yi masa lahani. Zaƙami sunansa na biyu ya isa gargaɗi, haukata-yaro. Ga ƴaƴan zurma da na cin-da-zugu, ga idon zakara, ja da ɗigon baƙi, wanda ƙwaya ɗaya in an tauna ta isa ta jawo babbar masifa.

Wata za ta ce ai ita za ta zaɓo da hannunta, ba za ta kawo mai dafi ba. Gaskiya ne. Amma wasan nan yana koya wa yaro cewa fure haja ce. Ranar da shago ya yi ƙarancin kaya, ɗan kasuwar kirki sari yake fita, kuma sarinsa a kangon bayan gida zai yi shi, ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Saboda haka in an zaɓi furen gaske, a haɗa da doka tun ranar farko: babba ne kaɗai ke kawo kaya, kuma abin da ba a miya da shi, ba a sha, ba ya shiga shago. Lalle na iya samun rangwame don ƙamshinsa. A furen ado, bugenbil kaɗai nake bari, mai kamar takarda, wanda ke jure rani, shi ma sai babba ya cire ƙayarsa. In kuwa tsautsayi ya sa yaro ya tauna wani abin da ba a sani ba, a fitar da abin da ke bakinsa, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa madara ko mai, a yanko reshen a tafi da su likita tare.

Furen roba, irin wanda ake ƙawata ɗakin amarya da motar biki da shi, shi ne zai fara zuwa ran kowa. Ba ya yaushi, ba ya son ruwa, ana wanke shi in ƙurar hunturu ta rufe shi, ga launi kala-kala na koyar da ja da shuɗi da kore. Yana da wata fa'ida ta gaske da ba a cika faɗa ba: ƙananan yara, ƴan shekara biyu zuwa uku, sun fi shiga wasan kwaikwayo in abin ya yi kama da na gaske. Ka ba su dunƙulen takarda ka ce fure ne, su dube ka. Ka ba su na roba, nan take su kai hanci.

Abin takaicin shi ne waɗannan ƙananan su ne furen roba ya fi yi wa haɗari. A cikin karansa waya ce, in roba ta zame sai tsini ya fito. Kan furen cusa shi kawai aka yi, jan farko yake fita. Wasu an yi masu ƴan duwatsu da ƙyalli. Ƙa'idar da masu kayan wasa ke bi a Turai da Amurka ita ce, duk abin da faɗinsa bai wuce kusan santimita 3 ba, ba na ɗan ƙasa da shekara uku ba ne, don yana iya tsaya masa a wuya. Ranarmu kuma ba ta raga wa roba. In an bar shi waje ya kwana biyu sai ya koɗe, ya fara ɓarɓashi.

Ko an kauce wa wannan duka, akwai abin da ya fi damuna da shi. Tunda da kuɗi aka sayo, babba ya zama mai gadinsa. "Kar ka cire." "Mayar inda ka ɗauka." Ƙarshenta a kulle shi a kabad, sai ranar da baƙi za su zo duba aji. Kuma ya zo a gama, babu abin da yaro zai ƙara masa. Ya jera yau, ya jera gobe, jibi ya koma ya hau dokin karansa. Masanin nan na Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, da wannan dokin ya kafa misali: lokacin da yaro ya hau sanda ya ce doki ne, ya fara raba ma'ana da abin da ido ke gani, kuma a kan wannan ne karatu da lissafi za su zauna daga baya, inda zane a allo ke tsayawa a madadin sauti ko adadi. Ɗan shekara huɗu ko biyar da ya iya mayar da kara doki ba ya buƙatar furen da ya fi na gaske kama da fure.

Shi ya sa ni na fi karkata ga na hannu, kuma Maradi ta wadata da kayansa. Je wurin telan unguwa, musamman ana gab da Salla, ki ce, "Malam, don Allah a tara mini ƙyallaye." Buhu zai ba ki, yana godiya an rage masa shara. Atamfa da shadda sun fi, a ware leshi mai duwatsu. Karan furen kuwa sillen kara ne, kuma girbi yana faɗowa daidai da komawa makaranta, lokacin da kara ya fi komai araha. Ban yarda da tsinken tsintsiya ko waya ba, saboda ido. A yanka ƙyalle kamar faɗin tafin hannu, a tattaro tsakiyarsa a kan sillen, a ɗaure da wani siririn ƙyalle, fure ya samu. Na takarda kuma, tsohon littafin makaranta ya isa, a shafa masa launi, a manna da ƙaro da aka jiƙa ko ɗan kunun fulawa. Wadda ta san masu saƙar tabarma ta roƙi guntayen rinanniyar kaba, suna yin ganye mai kyau, kuma sun fi takarda ƙarko. Abu biyu kar su shigo: takardar buhun siminti, don ƙurarta tana cin fata da ido, da baƙar leda, wadda yaro kan iya rufa a kai. Tun 2014 ma doka ta hana irin wannan ledar a Nijar, ko da yake kowa na ganin yadda take lilo a kan itatuwa.

A nan wasan ya zama biyu, masana'anta da shago. Ɗan shekara uku ya yaga, ya dunƙule. Ɗan huɗu ya manna. Ɗan biyar ya yanka da almakashi marar tsini, ya koyi ƙulli, wanda ba ƙaramin aiki ba ne ga yatsun da baɗi za su riƙe alli a CI, ajin farko na firamare. In fure ya lalace ba mai faɗa, a sake wani. Kuma kowane fure yana da labari, don yara suna gane zane fiye da yadda muke zato. Ga irin cinikin da ake ji:

"Salamu alaikum, mai hure. Nawa nawa?"

"Wannan dala biyat. Na zanen Gwaggo ne, shi ya sa da tsada."

"Kai, a rage mini, biki gare ni."

"Albarka, Hajiya. Ƙara dai."

Furen roba ba ya jawo irin wannan zance, don duk ɗaya suke, babu na Gwaggo babu na Yaya.

Aibinsa a fili yake. Yana cin lokacin babba, musamman zaman farko da za a yi samfuri a yayyanka ƙyalle. Ba shi da ƙamshi. Na takarda ba ya shiri da ruwa, don haka zuba ruwan nan da yara ke so ya fita daga wasan, sai dai a cika roba da yashi a soke furen a ciki, wanda shi ma yana da daɗinsa. Gara tana son kara da takarda, in an bar su a ƙasa ta gama da shagon a ɗan lokaci, sai a rataye a buhu. Sannan ga idon iyaye. A jardan mai zaman kansa, uban da ya biya kuɗi mai yawa in ya leƙo ya ga ɗansa da tsumma da kara, yana iya cewa a ransa an cuce shi. Maganin wannan shi ne a bar yaro ya tafi gida da furen da ya yi da hannunsa, ya sayar wa uban da kansa. Da wuya ya taya da araha.

Hanya ta huɗu ita ce ta fi kusa da abin da yaronmu ya taɓa gani da idonsa: masu raino da ke jera dashen mangwaro da lemu da furen ado a inuwa. A yanke gorar roba, a huda gindinta, a cika da ƙasa, a shuka wake ko gero ko zogale. Gwangwanin tumatir yana yankan hannu, a bar shi. Wake da gero cikin ƴan kwanaki suke tsirowa, zogale kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Ga ɗan shekara biyar wannan babban abu ne: kayansa suna girma, na jiya ba na yau ba ne, har farashi yakan tashi in ganye ya ƙaru. Amma kafin wake ya yi fure sai an haura wata guda, ɗan shekara uku kuwa ba shi da wannan haƙurin, tono zai yi ya ga ko irin ya farka. A makaranta hutun mako biyu ya isa ya ƙone komai in ba mai ban ruwa. A gida kuma jar akuyar Maradi, da duk sunan da ta yi a duniya saboda fatarta, ba ta san shagon wasa ba, a tsaye za ta cinye jarin. Irin da za a ba yara ya zama na ɗakin girki, ba wanda aka shafa wa maganin ƙwari don shuka ba. Kada a sa ɗanyen taki, a wanke hannu bayan wasa, kuma kada ruwa ya kwana a roba, da damina musamman, don cikin kamar mako ɗaya sauro ke ƙyanƙyashewa ya tashi.

In aji ne mai yara da yawa, daga Oktoba zuwa Yuni, na hannu ya zama jarin shago, a ƙara da busasshen zoɓo da ake samu a tiya kowane lokaci, a auna shi da ludayi. Kusurwar dashe a bar wa manyan aji. In gida ne da yaro ɗaya ko biyu a hutun damina, furen gaske daga abin da ake ci ya fi, ana yi babba na kusa. Wadda take da furen roba da ya rage daga biki, ba sai ta zubar ba: ta zare wayar, ta cire ƙananan abubuwa, ta zaɓi manyan, ta cakuɗa kaɗan a cikin na ƙyalle don su jawo ƙananan yara. Amma a fita takanas a sayo shi don wannan wasa, ni ban ga dalili ba.

Wasu iyaye suna ɗari-ɗari da duk wasan saye da sayarwa, suna ganin share fagen talla ne ga ƴa mace. Damuwar tana da tushe a garin nan. Sai dai shagon nan a tsakar gida yake ko a aji, kuma maza ma su zauna a bayan kwalin, su yi sayarwa, su yi naɗi, kada a mayar da shi wasan mata.

Kuɗin wasan kuma kar ya zama na gaske. Ƙwandala tana tafiya baki, ga datti. A yanka kwali zagaye-zagaye masu faɗi, ko a tara ƙwallon goruba, wanda ya fi ƙarfin maƙogwaro. Lissafinmu na dala, inda sefa 25 take dala biyar, sefa 100 take dala ashirin, ya yi wa ɗan jardan nauyi, ko da bakinsa ya iya faɗa. A bar shi ya yi ta kiran dala da jikka yadda ya ji a kasuwa, amma wajen biya, fure ɗaya kwali ɗaya ga ɗan shekara uku, ɗan biyar kuma a kai shi har goma, da ƴar gyara a sama. Babba in zai shiga, ya shiga a matsayin mai saye mai wuyar sha'ani: ya ce ja biyu yake so da fari ɗaya, ya ce wancan ya yi gajere, ya nemi ragi, ya ce a naɗe masa don Tibiri zai kai wa kakarsa. In mai shago ya yi kuskuren canji, kada a ce ya yi kuskure, a ce, "Alhaji, ƙirga mini dai a hannu in gani."